Agogon da Auta Ta Zaɓa

A garin Alela, cikin ƙasar Konni, an yi wata yarinya ƴar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana zaune da babanta Malam Attahiru, da innarta, da yayanta Rabo, da kakarta Tsahara.

Auta tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, amma tana yawan makara. Kullum da safe takan je ɗebo ruwa. A bakin rijiya sai hira ta ɗauke mata hankali. Wayar gidan guda ce, kuma tana aljihun Baba. Baba kuwa da sassafe yake fita gona.

Wata safiya Auta ta iso an riga an shiga aji. Madam Sakina ta tsaya a bakin ƙofa tana dubanta.

"Auta, yau ma?"

"Madam, ban san lokaci ya tahi haka ba."

"Jiya ma haka kika ce. Shige ki zauna."

Auta ta zauna da kunya. Tun daga ranar ta sa a ranta sai ta mallaki agogon hannu.

Tana da kaji da take kiwo a bayan ɗakin Inna. Ta roƙi Baba ya sayar mata da zakaru biyu. Baba ya sayar, ya kawo mata kuɗin.

"Mi za ki yi da su?" ya tambaye ta.

"Agogo nike so, Baba. Don in daina makara."

"Wannan shawara ce mai kyau. Ran Lahadi zan shiga Konni. Sai mu tahi tare, ki zaɓa da kanki."

Auta ta yi tsalle don murna. Amma murnar ba ta daɗe ba, domin kowa ya ji labari sai ya kawo tasa shawarar.

Rabo ya ce, "Ki sayi mai lamba, wanda ke rubuta lokaci ƙarara. Akwai mai fitila, kuma yana kuka ya tashe ki daga barci."

A lakwal, ƙawarta Fauziyya ta yamutsa fuska. "Mai lamba? Ai na maza ne. Ki sayi mai ruwan zinariya, mai duwatsu. In kin ɗaga hannu kowa ya gani."

Inna ta ce, "Ke da kike wanke-wanke kullum? Nemi wanda ruwa ba ya ɓatawa."

Kaka Tsahara tana zaune a kan tabarma tana jin su. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi. Ta yi dariya ta ce, "Ni dai ki sawo wanda zai riƙa gaya mini lokacin salla. Ko baƙi ne ko fari, duk ɗaya ne gare ni."

Auta ta rasa maganar wa za ta bi. In ta tuna ta Rabo, sai ta Fauziyya ta faɗo mata. In ta yarda da ta Fauziyya, sai ta tuna ta Inna. Har ranar Lahadi ta zo ba ta tsayar da komai ba.

Kasuwar Konni cike take da mutane. Ga babura, ga amalanke, ga masu canjin naira da sefa suna kiran mutane. Baba ya riƙe hannunta har suka isa wata ƴar rumfa. Mai rumfar sunansa Isma'il, kuma sun san juna da Baba.

Bayan sun gaisa, Baba ya ce, "Ɗiyata ce ke son agogo. Mai sauƙin kuɗi, daidai ƙarfinta."

Isma'il ya jawo wani faffaɗan akwatin gilashi. "Duk na wanga layi kuɗinta sun isa. Zaɓi, ƴan mata."

Auta ta leƙa, sai idonta ya raina fata. Agogo ne birjik. Wasu igiyarsu ta roba ce, wasu ta fata, wasu ta ƙarfe. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai baƙi. Wasu zagaye, wasu masu kusurwa huɗu. Wasu lambobi ne ke ƙyaftawa a fuskarsu, wasu hannuwa ne ke juyawa.

Ta ɗauki ɗaya, ta ajiye. Ta ɗauki wani, ta ajiye.

Isma'il ya fara yi mata bayani. "Wanga yana da fitila. Wanga yana nuna kwanan wata. Wanga ruwa ba ya shiga cikinsa. Wanga kuma batirinsa na daɗewa."

"To wanne ya fi?" Auta ta tambaya a hankali.

"Ya danganta da abin da za ki yi da shi. Mi kike so ya yi miki?"

Maganganun mutanen gida da na Fauziyya duk suka cakuɗe wa Auta a kai. Ta juya ta dubi Baba.

Baba ya ce, "Kuɗinki ne, Auta. Kada ki yi sauri. In akwai abin da ba ki gane ba, ki tambaya."

Ana cikin haka sai wasu ƴan mata manya biyu suka tsaya a rumfar. Ɗayarsu ta nuna wani agogo da yatsa ta ce wa ƴar uwarta, "Kai, dubi wancan! Ya yi kyau."

Auta ta bi yatsan da kallo. Agogo ne mai ruwan zinariya, yana ta walƙiya. Babu lamba ko ɗaya a fuskarsa, sai ƴan ƙananan duwatsu a kewaye. A tsakiyarsa akwai wasu ƴan da'irori, kowace da ɗan hannunta.

Da sauri Auta ta ce, "Wancan nike so."

Isma'il ya ɗauko shi ya miƙa mata. "Yana da kyau. Amma ba shi da lamba fa. Kin iya duba irinsa?"

Gaskiyar magana ita ce Auta ba ta iya duba agogo mai hannu ba ko kaɗan. Lokacin da aka koyar da shi a aji uku, tana kwance a gida da masassara. Da ta warke ta dawo, kunya ta hana ta faɗa. Ga shi yanzu ƴan matan nan suna kallonta.

"Na iya," in ji ta.

Baba ya sunkuyo. "Kin tabbata?"

"I, Baba."

Aka biya kuɗi, aka ɗaura mata agogo. Ya yi mata yawa a hannu, yana zamewa har kusa da gwiwar hannu.

A hanyar komawa gida ta yi ta kallonsa. Hannu guda siriri yana gudu. Guda dogo ne, guda gajere. Na cikin ƴan da'irorin kuwa ko motsi ba sa yi. Ta rasa wanne za ta bi. "In na je gida zan gane," ta ce a ranta.

Ta je gida, ba ta gane ba.

Ran Litinin Fauziyya ta kama hannunta tana ihu. Yara suka kewaye ta, kowa na son taɓawa. Auta ta ji daɗi ƙwarai. Sai wani yaro ya ce, "Ƙarfe nawa yanzu?"

Auta ta kalli agogon, ta daɗe. Can ta ce, "An kusa shiga aji."

Sai ga ƙararrawa. Kowa ya ruga, Auta ta yi ajiyar zuciya.

Haka ta riƙa yi. In an tambaye ta, sai ta saci kallon rana ko inuwa ta yi kintace. In Kaka ta ce, "Auta, azahar ta yi?" sai ta ce, "Saura kaɗan," ta jira kiran salla. Makara kuwa ba ta daina ba. Madam Sakina har ta ce, "Ga agogo a hannu, ga makara. Abin mamaki!"

Sau ɗaya Rabo ya ce, "Kawo in gani, ko yana tahiya daidai."

Auta ta ɓoye hannunta a baya. "Daidai yake. Ba ruwanka."

Ta zauna ita kaɗai a bayan ɗaki tana ta tunani. Can sai ta ce, "Awa ta fi minti girma. Ke nan dogon hannu shi ne na awa, gajeren kuma na minti." Ta ji kamar ta gano sirrin. Ba ta tambayi kowa ba.

A cikin kwanakin nan aka sanar da Baba cewa likitocin ido za su zo Konni ran Asabar. Za su cire wa tsofaffi yana. An ce Kaka Tsahara ta zo da safe. Kowa a gidan ya yi murna. Kaka ta daɗe tana jiran wannan rana.

Ran Juma'a da yamma sai hadari ya taso, aka yi ruwa mai yawa. Ruwan shuka ne, wanda manoma suka daɗe suna jira. Ba a barin irin wannan danshi ya wuce.

Da asuba Baba ya kira Auta. "Ni da innarki da Rabo za mu tahi shuka. Ke za ki raka Kaka. Mota na tashi ƙarhe tara daidai. Na yi magana da direba, kuma goggonki za ta tarbe ku a tashar Konni. Ku bar gida tun takwas da rabi, don Kaka ba ta sauri. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Madalla da kina da agogo. Hankalina a kwance yake."

Suka ɗauki sungumi da iri suka fita. Baba ya tafi da wayarsa.

Gari ya waye da gajimare. Rana ba ta fito ba, babu inuwa ko kaɗan. Auta ta share tsakar gida, ta wanke kwanoni, ta dama wa Kaka kunu. Can Kaka ta ce, "Auta, duba mana lokaci."

Auta ta ɗaga hannu. Ta fara ƙirga duwatsun daga sama. Dogon hannu yana kan dutse na bakwai. Gajeren yana tsakanin na takwas da na tara. Wani abu yana ce mata ta ruga maƙwabta ta tambaya. Amma in ta je, za a gane ba ta iya ba.

"Bakwai ne da wani abu, Kaka. Da sauran lokaci."

"To, alhamdu lillahi. Bari in sha kununa a natse. Ki ɗauko mini zanen nan nawa mai shuɗi."

Alhali a lokacin takwas da rabi ta riga ta gota.

Kaka ta sha kunu, ta yi wanka, ta shirya. Auta ta sake duba agogo, sai ta ga dogon hannu ya haye can sama. Ta ruɗe. Yaya aka yi daga bakwai ya kai sha biyu?

"Kaka, mu tahi yanzu!"

"Ke da kika ce da sauran lokaci?"

"Mu dai tahi, don Allah."

Ta kama hannun Kaka suka fito. Hanya duk taɓo ce, Kaka tana takawa a hankali. Da suka isa tasha, babu mota. Sai sawun taya a cikin laka.

Wata mai sayar da ƙosai ta ce, "Ku ne direba ya yi ta jira? Ya yi ta oda har ya gaji. Ya daɗe da tahiya."

"Babu wata motar?" Auta ta tambaya.

"Da wanga taɓo? Sai gobe, in Allah ya kai mu."

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya shiru tana riƙe da sandarta. Can ta ce, "To, Allah bai nufa yau ba. Mu koma gida."

Shirun nan ya fi wa Auta zafi a kan duka. Ta yi ta kuka har suka iso gida.

Da la'asar Baba ya dawo daga gona. Ya ga mahaifiyarsa Kaka zaune a kan tabarma, ya tsaya cak.

"Inna, ba ku tahi ba? Lahiya?"

Kaka ta ce, "Mota ta bar mu."

Baba ya dubi Auta. "Agogon ne ya tsaya?"

Auta ta ga hanya ta buɗe mata. Da ta ce i, shi ke nan, laifi ya koma kan agogo. Ta dubi Kaka, wadda har yanzu tana sanye da zanenta mai shuɗi. Sai ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, agogon lahiyarsa lau. Ni ce ban iya dubawa ba. Tun a kasuwa ban iya ba. Ƙarya na yi."

Baba ya zauna a kan turmi.

"Mi ya sa kika zaɓe shi, alhali ba ki iya ba?"

"Kowa da abin da ya ce mini. Na ruɗe. Sai na ji waɗancan ƴan mata sun ce ya yi kyau."

"Mi ya sa ba ki tambaye ni ba? Ina tsaye kusa da ke."

"Kunya na ji, Baba. Na ce za a yi mini dariya."

Baba ya ce, "Auta, rashin sani ba laihi ba ne. Babu wanda aka haifa da iya duba agogo. Ni ma koya mini aka yi. Laihinki shi ne kin ɓoye, kika bar mu muka dogara da ke. Dubi wa abin ya shafa."

Auta ta rarrafa wajen Kaka. "Kaka, ki yahe mini."

Kaka ta lallaɓa ta shafa kanta. "Na yahe miki, jikata. Amma kada ki ƙara."

Baba ya kira goggo a waya. Goggo ta je ta yi tambaya, aka ce likitocin za su sake dawowa a wata mai zuwa. Dole Kaka ta ƙara jira.

Watan nan ya yi wa Auta tsawo. Kullum in ta ga Kaka tana lalube tana neman butarta, sai zuciyarta ta yi nauyi. Ta riƙa yi mata komai da sauri.

Rabo bai yi mata dariya ba. Ya zana babbar da'ira a ƙasa da tsinke, ya rubuta lambobi a kewaye. Ya karyo kara biyu, dogo da gajere.

"Gajeren shi ne awa. Dogon shi ne minti."

"Ashe a juye na ɗauka!" in ji Auta. "To waɗannan ƙananan da'irorin na cikin agogona fa?"

Rabo ya duba, ya girgiza shi, ya yi murmushi. "Ado ne kawai. Ba sa aikin komai."

Kullum bayan la'asar sai su zauna. Rabo ya juya karan, Auta ta faɗi lokaci. Wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta yi kuskure. In ba ta gane ba, sai ta ce, "Sake mini." A hankali ta iya.

Da ranar ta zagayo, Baba da kansa ya kai Kaka, kuma ya tafi da Auta. Sun riga direba isa tasha. A Konni aka shiga da Kaka wajen likita, goggo ta zauna da ita. Baba ya ja Auta suka koma rumfar Isma'il.

Auta ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, ranar nan ka tambaye ni ko na iya duba agogon, na ce na iya. Ban iya ba a lokacin. Kuma ya yi mini yawa a hannu. Ko za ka musanya mini?"

Isma'il ya karɓa ya jujjuya shi. "Ba ki karce shi ba. Zan musanya. To yanzu gaya mini, mi kike so agogo ya yi miki?"

Wannan karon Auta ba ta dubi kowa ba. "Ina so in ga lamba ƙarara, in duba da sauri. Ina so ya zauna a hannuna. Kuma ina wanke-wanke da ɗebo ruwa."

Isma'il ya fito da guda uku. Auta ta gwada kowanne. Ta tambaya game da batir, ta tambaya yadda ake saita shi. Daga ƙarshe ta ɗauki wani ɗan ƙarami mai igiyar roba. Fuskarsa fara ce, lambobinsa manya, hannuwansa baƙaƙe. Ba ya walƙiya, amma ya zauna mata ɗas.

"Ƙarhe nawa?" Baba ya gwada ta.

"Sha ɗaya saura kwata."

Baba ya duba wayarsa, ya gyaɗa kai yana murmushi.

Suka kwana a gidan goggo. Washegari aka cire wa Kaka audugar da aka rufe mata ido. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta dubi Auta sama da ƙasa.

"La ilaha illallahu! Auta, yaushe kika yi tsawo haka?"

Kowa ya fashe da dariya. Auta ta rungume ta, tana dariya tana hawaye.

Ran Litinin Auta ta isa lakwal da wuri. Ta samu Madam Sakina ita kaɗai, ta ba ta labarin duka. Madam ta saurara har ƙarshe. Da aka shiga aji, sai ta ɗauki alli ta zana babban agogo a jikin allo.

"Wa bai iya duba wanga ba?" ta tambaya. "Ya ɗaga hannu."

Aji ya yi tsit. Kowa yana satar kallon na kusa da shi.

Auta ta miƙe. "Madam, ni ma sai kwanan nan na koya. Har yanzu minti na ɗan ruɗa ni."

Sai wani yaro a baya ya ɗaga hannu. Wata yarinya ta bi. Fauziyya ta sunkuyar da kai, can ita ma ta ɗaga nata. Kafin a jima, hannuwa sun cika aji.

Madam Sakina ta yi dariya, ta miƙa wa Auta alli. "To zo ki taimake ni, mu fara daga farko."

Yara, in za ku sayi abu, ku fara sanin amfanin da zai yi muku. Kada kyawun gani ko maganar mutane ta ruɗe ku. In kuma ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba, ku tambaya. Tambaya ba abin kunya ba ce.